Yadda Ake Gane Shekarun Tulunan Tangaran na Ƙasar Sin

Kowane ɗayanmu ya sani mai sayen doki ba ya dogara ga maganar dillali, sai ya buɗe bakin dokin ya dubi haƙora. To, haka masana ke yi wa tsofaffin tulunan tangaran na ƙasar Sin, waɗanda ake ajiyewa domin ado. Abin kuwa ba wasa ba ne, gama a 2014 an sayar da wani ɗan finjali na zamanin Sarki Chenghua a Hong Kong a kan dala miliyan 36. Inda dukiya irin wannan take, ba a rasa mayaudara.

Yawancin tulunan nan a garin Jingdezhen aka gina su da farar laka da garin wani dutse, aka gasa su da wuta mai tsanani har suka yi ƙarfi da santsi. Tun zamanin gidan sarautar Ming, watau 1368 zuwa 1644, maginan fada sukan rubuta sunan zamanin sarkinsu a gindin tulu, galibi da haruffa shida. Watakila mu ce ai magana ta ƙare, a kifa tulu a karanta. Ina! Maginan zamanin Sarki Kangxi, 1662 zuwa 1722, sun sha rubuta sunan Chenghua, wanda ya rasu tun 1487, yawanci domin girmama aikin magabata. Na bayansu kuwa da yawa don cuta suka yi. Saboda haka rubutun shaida ɗaya ne tak, sai an nemo masa abokai.

Mu a ganinmu babu shaidar da ta kai shuɗin zanen daɗin nazari. Daga wani ma'adini ake samunsa, ana ce da shi kobal. A ƙarni na 14 da farkon zamanin Ming daga Farisa ake kawo shi, yana kuwa da ƙarfe a ciki, saboda haka duk wurin da mai zane ya cika shi sai wuta ta bar ɗige-ɗige baƙaƙe, waɗanda suka ɗan nutse cikin jikin tulun. Maginan ƙarni na 18 da suka so kwaikwayo, da hannu suka riƙa ɗiga nasu. Wanda idonsa ya saba yakan gane, don abin da hannu ya jera ya cika tsari.

Launin ruwan hoda kuwa, wanda ake haɗawa da zinariya, bai shiga aikinsu ba sai wajen 1720. In mun gan shi a tulu mai sunan Ming, shi ke nan, sunan ya ƙaryata kansa. Ana kuma duba ƙafar tulun, inda ba a shafa ruwan ƙyalli ba, don a nan ne ainihin lakar take a fili.

Duk wannan kuwa sai da abin gwadawa. A gidan kayan tarihi na Biritaniya da ke Landan akwai tuluna biyu masu zanen shuɗi, waɗanda rubutun wuyansu ya nuna shekarar 1351. Da su aka auna waɗansu na Istambul da na Iran, aka gane tsaransu ne.

Masu ilmin kimiyya sukan huda gindin tulu su ɗebi kaɗan, su auna tun yaushe wuta ta rabu da shi. Da mayaudara suka ji haka, sai suka koma liƙa tsohon gindi a sabon jiki.