Robar da ke Haifar da Lantarki, da Zafin da ke Kashe Ta

Duk ɗalibin da ya taɓa danna laita a Rawayya ya ga tartsatsi ya fito ba tare da batir ba, to ya riga ya ga lantarkin matsi. Wasu abubuwa ne idan an matse su sai su fitar da lantarki. 'Yan'uwa biyu, Pierre da Jacques Curie, suka gano haka a Faransa a shekarar 1880, a cikin duwatsu irin su kwaz, farin dutsen nan mai ƙyalli da ake gani cikin duwatsu irin na Kwatarkwashi.

A 1969 wani masani ɗan Japan, Heiji Kawai, ya nuna cewa wata roba mai suna PVDF ma tana yin haka. Sirrin yana cikin ƙirarta. Doguwar sarƙa ce ta kabon, fulorin biyu a gefe guda, haidurojin biyu a ɗaya gefen. Fulorin marowaci ne, yana janye lantarki zuwa wajensa, saboda haka kowace gaɓa ta zama kamar 'yar kibiya. Idan aka ɗora wa robar lantarki mai ƙarfi, kibiyoyin sai su fuskanci waje guda, kuma su zauna a haka ko an cire shi. Wannan hali shi ake kira fero-lantarki.

Malam, ga misalin da za ka ba aji. Ɗalibai sun yi layi a filin taro suna fuskantar shugaban makaranta. Idan suka amsa, murya ɗaya ake ji. Da an kaɗa ƙararrawa sai kowa ya juya inda ya ga dama. Zafi shi ne ƙararrawar. Akwai wani mataki, ana ce masa zafin Curie, inda miƙaƙƙun sarƙoƙin ke murɗewa, kibiyoyin su watse, lantarkin ya ɓace, alhali robar ba ta narke ba.

A zallar PVDF ba a ganin wannan sauyi, domin takan narke wajen digiri 170 kafin a kai gare shi. Sai aka sarƙa ta da wata gaɓa mai fulorin uku, TrFE. Idan rabi da rabi ne, sauyin kan zo wajen digiri 65. Idan PVDF ta kai kashi 80 cikin 100, sai ya haura digiri 130.

Nan ne abin ya shafe mu. A watan Afrilu zafin Gusau kan kai digiri 40 a inuwa, kuma gaban motar da aka rufe a rana yana iya wuce 65. Na'urar jin motsi ko sauti da aka yi da haɗin rabi da rabi za ta iya mutuwa a nan, ko da ta yi shekaru lafiya a Turai. Sanyaya ta kuwa ba ya isa: sarƙoƙin za su sake miƙewa, amma ƙungiya-ƙungiya, kowace da inda ta fuskanta, sai an sake ɗora mata lantarki mai ƙarfi kafin ta koma aiki.