Rabon Ɗan Riƙo a Ranar Idi

Karatu: Kubawar Shari'a 16:9-15, Esta 2:5-11 da 9:20-29.

Sa'ad da Kirsimati ya yi kusa, kowane maigida yakan yi lissafi: yadi nawa za a kai wa tela, mudu nawa na shinkafa, ko za a yanka akuya ko kuwa kaji za su isa. A gidaje da yawa akwai yaro wanda sunansa ne na ƙarshe a cikin lissafin nan, wani lokaci ma ba ya ciki. Shi ne ɗan riƙo, ko agola, ko ɗan ɗan'uwa da aka kawo bayan rasuwa. Tun daga 2009, da tashin hankalin Boko Haram ya watsa garuruwan arewa maso gabas, irin waɗannan yara sun yawaita a ikkilisiyoyinmu. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tsara yadda kotu za ta ba da riƙo, amma yawancin riƙo a cikinmu dangi ne ke shirya shi, kuma babu alƙalin da zai leƙo ranar idi ya ga wanda aka ɗinka wa riga. Bari mu ga abin da Ubangiji ya umarta.

Musa ya ba Isra'ila ka'idar Idin Makonni, wanda ake yi mako 7 bayan an sa lauje a hatsi, da ta Idin Bukkoki, wanda ake yi kwana 7 bayan an gama tattara amfanin masussuka da wurin matsar inabi. Sau biyu, a aya 11 da aya 14, ya lissafta waɗanda za su yi murna tare da maigida. Da fari mutum huɗu na cikin gida: ɗa, da 'ya, da bawa, da baiwa. Sa'an nan huɗu waɗanda ba su da gonar kansu: Balawi, da baƙo, da maraya, da gwauruwa. Kalmar Ibrananci da aka juya "maraya" tana nufin yaron da ba shi da uba, wato ba shi da mai tsaya masa a ƙofar gari inda ake shari'a. Rashi, malamin Yahudawa na ƙasar Faransa wanda ya rasu a 1105, ya lura da huɗu da huɗun nan. Ya bayyana cewa huɗun ƙarshe na Allah ne, kuma wanda ya faranta wa na Allah rai, Allah zai faranta wa nasa.

Mu lura da kyau: ba a ce a aika wa maraya saura bayan an ci ba. An sa shi cikin masu murna, a wuri ɗaya, a rana ɗaya. Dalilin kuwa yana aya 12: su tuna su ma bayi ne dā a Masar, masu cin abinci a gidan da ba nasu ba.

A nan muke so mu yi magana a fili. Yanzu al'ada ta shigo, ikkilisiya takan ware rana guda ta yi wa marayu biki, a jera su a gaban jama'a, a kira su da sunan maraici, a miƙa musu buhu ana ɗaukar hoto. Ba mu raina kyautar ba, gama yunwa ba wasa ba ce. Amma yaro mai shekara 13 ya san kunya kamar babba, kuma akwai waɗanda sukan ƙi zuwa sujada ranar nan saboda haka. Shari'ar Musa ba ta san idi biyu ba, na 'ya'yan gida da na marayu. Idan mata zumunta sun tara kuɗi, ya fi kyau su kai wa mariƙiyar yaron a ɓoye tun farkon Disamba, domin a ɗinka masa daga yadin da aka yanka wa sauran, ya shiga sujada ba mai iya bambanta shi. Kuma idan kuɗin gida bai kai riga biyar ba, kada huɗu su sa sabo na biyar ya sa kwance. Ranar kuma kada ya zama shi kaɗai ne a bakin murhu da wanke-wanke har baƙi su watse.

Yanzu mu juya ga Esta. Ita 'yar riƙo ce. Ubanta da uwarta sun mutu, Mordekai kuwa, ɗan ɗan'uwan ubanta, ya ɗauke ta kamar 'yar cikinsa (2:7). Da aka kai ta fāda bai ce nauyi ya sauka ba. Kowace rana yakan yi ta zagawa a gaban farfajiyar mata domin ya ji lafiyarta (2:11). Ta hannun wannan 'yar riƙo ne aka ceci Yahudawa, aka kuma kafa Idin Furim a ranakun 14 da 15 ga watan Adar, da umarni a aika wa juna abinci, a ba matalauta kyautai (9:22). Har wa yau Yahudawa suna kiyaye shi.

Akwai wani ƙaramin abu wanda mai karatu da sauri zai wuce. A 9:29, bayan ta zama sarauniya, bayan dukan alherin Mordekai, har yanzu ana kiranta 'yar Abihail. Riƙo bai shafe sunan mahaifinta ba. Ranar idi ce ranar da ɗan riƙo ya fi tuna gida. Yana iya yin shiru a tsakiyar waƙa, ko ya ƙi cin naman da aka ba shi, mariƙi kuwa ya ɗauka butulci ne. Sau da yawa kewa ce. Bari maigida ya ambaci iyayen yaron da sunansu cikin addu'ar safe. In yana da ƙane ko ƙanwa a riƙon wani gida, a nemi hanya su ga juna a makon nan, ko da ta waya ce. In uwarsa tana da rai, kuma babu abin tsoro a wurinta, a ba shi kuɗin mota da ɗan abin da zai riƙe a hannu ya kai mata.

Ubangijinmu da kansa ya girma a hannun Yusufu, wanda bai haife shi ba. Kuma da ya kai shekara 12, Yusufu bai bar shi tsaron gida ba, ya tafi da shi Idin Ƙetarewa a Urushalima (Luka 2:41-42).

Tambayoyi domin tattaunawa: Su wane ne huɗun nan na Allah a unguwarmu? Yara nawa ne na riƙo a cikin ikkilisiyarmu, kuma wane dattijo ne ya san sunayensu? Mai koyarwa ya sa a karanta Nehemiya 8:9-12 kafin mako mai zuwa, kowa ya zo da amsar wannan: wa ya aika, ga wa aka aika, kuma a wace rana?