Wayar Hannu: Biya Kafin Amfani Ko Biya Bayan Amfani?

Darasi domin Hakimai da Malamansu a Masarautun Talata Mafara da Bakura da Maradun

1. An shirya wannan darasi ne domin Hakimai da Malamansu su san abin da za su gaya wa talakawa in sun zo neman shawara kafin su sayi babbar waya, watau irin wadda a ke shiga intanet da ita. Yau da ita manomi ya ke jin farashin shinkafa, da ita a ke aika kuɗi. Amma wanda ya shige ta ba da lissafi ba, tana iya ja masa bashi.

Hanyoyi Biyu

2. Hanya ta fari ita ce biya kafin amfani. Mutum ya sayi wayarsa kuɗi hannu, ya yi rajistar layi, sa'an nan ya riƙa sa kati gwargwadon ƙarfinsa. In katin ya ƙare, kira ya tsaya, ba mai binsa ko kwabo.

3. Ta biyu ita ce yarjejeniya. Mutum ya sa hannu a takarda, ya yi ta amfani, ƙarshen wata kamfani ya kawo masa lissafi. A Ingila da Amurka a kan haɗa har da kuɗin wayar kanta a ciki, a ɗaure mutum shekara 2 ko fiye. Wannan ya dace da mai albashi, wanda ya san ranar da kuɗinsa za su zo.

4. A Nijeriya, tun da MTN da Econet suka fara aiki a 2001, yawancin mutane hanya ta fari suka bi. Da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa maimakon minti, sai abin ya ƙara sauƙi ga talaka. Abin da ya fi kama da yarjejeniya a wajenmu shi ne sayen waya bashi, a ba da kafin alƙalami, a riƙa biyan sauran kaɗan kaɗan. Da yawa daga irin waɗannan wayoyi, in mutum ya saɓa ranar biya, daga nesa kamfani ya ke kulle su.

Dalilin Da Ya Sa Ta Fari Ta Fi Dacewa

5. Dalili na ɗaya, samun mutanenmu ba na wata wata ba ne. Manomin da ke ban ruwa daga Madatsar Bakolori, ko a Bakura ya ke ko a Maradun, sai ya girbe ya kai kasuwar Talata sa'an nan ya ga kuɗi. Da bazara da tsakiyar damina abin da ke hannunsa na taki ne da iri da abincin gida. Yarjejeniya kuwa ba ta san kaka ba, ba ta san bazara ba.

6. Na biyu, bashi ya kan ƙara wa waya tsada. A misali, a ce waya N60,000 ce kuɗi hannu. In an ce a ba da N20,000 tukuna, sa'an nan N10,000 kowane wata har wata 6, jimla ta kama N80,000. Watau an yi asarar N20,000 saboda gaggawa. Malamin Hakimi ya kamata ya yi wa mai saye wannan lissafi a takarda kafin ya sa hannu.

7. Na uku, sabis ba daidai ya ke ko'ina ba. Layin da ke kamawa cikin garin Mafara ya yiwu ya ƙi kamawa a ƙauye. Mai wayar kansa yana iya sa layi biyu, kuma tun 2013 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta ba da damar mutum ya koma wani kamfani da lambarsa.

8. Na huɗu, kowa ya tuna watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe sabis a Jihar Zamfara makonni da yawa saboda sha'anin tsaro. Mai sa kati, iyakar abin da ya tsaya masa shi ne ɗan abin da ke cikin layinsa. Wanda ke da bashin waya kuwa, alkawarinsa na nan a wuyansa, ko da sabis ko babu.

Abin Lura

9. Hanyar kati ma tana da nata tarko. Data tana da wa'adi, in ya cika ba a sabunta ba saura ya kan tafi. Rancen kati daga kamfani yana da lada a kansa. Layin da aka bari watanni da yawa ba a taɓa shi ba, a kan rufe shi, daga baya a ba wani, alhali watakila asusun banki na haɗe da shi. Tun Disamba 2020 kuma doka ce kowane layi a haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Lalle a hana mutane sayen layin da aka yi wa rajista da sunan wani.

10. Tun 2023 lambobin nan ɗaya ne a dukan kamfanoni: *310# duba saura, *311# sa kati, *312# sayen data. In kamfani ya ƙi sauraron kuka, a kira NCC a 622 kyauta. A Janairu 2025 Hukumar ta yarda a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, saboda haka tsimi ya zama wajibi.

Aikin Hakimai Da Malamansu

11. A karanta wa Dagatai da Masu Unguwa wannan takarda, su kuma su isar wa jama'a. Babban ɗan kasuwa ko ofishin da ke bukatar takardar lissafi kowane wata yana iya shiga yarjejeniya, in an karanta masa ita sarai. Amma ga talaka, daidai ruwa daidai tsaki. Wayar ofishin Hakimi ma, a riƙa rubuta kowane katin da aka sa mata cikin littafi, da kwanan wata.

Tambayoyi

(a) Mene ne bambancin hanyoyin nan biyu?

(b) Don me yarjejeniyar wata wata ta ke yi wa manomi nauyi?

(c) Manomi ya zo maka da takardar bashin waya. Wane lissafi za ka yi masa kafin ya sa hannu?