Kafin Ka Koma Kwari, Duba Inda Hayaƙi Yake Kwana

Darasi domin zumuntar mata, zumuntar maza da matasa
Karatu: Farawa 13:5-13, Kubawar Shari'a 22:8

Da an gama girbi, bencinan majami'unmu na Nasarawan Doya da ƙauyukan Makarfi, Ikara da Kudan sukan fara zama wayam. Samari sun tafi cin rani Zariya, Kano, Kaduna ko Abuja. Wasu ma ƙaura ce gaba ɗaya, da mata da 'ya'ya. Kafin a tashi akan tambayi kuɗin haya, da ruwan sha, da makarantar yara, da ko akwai ikilisiya a kusa. Duk tambayoyi ne masu kyau. Amma akwai wadda ba mu cika yi ba: wace irin iska iyalina za su riƙa shaƙa a can, dare da rana?

Zaɓen Lutu

Sa'ad da makiyayan Ibrahim da na Lutu suka fara faɗa a kan makiyaya, Ibrahim ya ba ɗan ɗan'uwansa zaɓi. Lutu ya hangi kwarin Urdun, ya ga ruwa da ɗanyar ciyawa, ya zaɓa. Mun san abin da ya biyo baya. Kada mu sa wa Nassi abin da bai faɗa ba: muguntar mutanen Saduma ce ta lalatar da wurin, ba ƙazamar iska ba. Amma mu lura da yadda Lutu ya yi zaɓensa. Daga nesa ya duba, da ido kaɗai. Nassi bai ce ya sauka ya kwana a can ba, bai ce ya tambayi kowa ba. Yawancinmu haka muke kama ɗakin haya. Mukan je da tsakar rana, dillali ya buɗe ƙofa, mu leƙa, mu biya kuɗin shekara.

Abin da masu fadama suka riga suka sani

A ƙasarmu babu manyan duwatsu, amma muna da tudu muna da fadama, wannan kuwa ya isa mu gane maganar. Duk wanda ya taɓa sammako zuwa gonar rake da hunturu ya san sanyin fadama ya fi na tudu. Ga dalili. Da dare, in sama ta yi garau ba gajimare, ƙasa takan saki zafin da ta sha da rana. Iskar da ke kusa da ƙasa sai ta yi sanyi. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka takan gangara kamar ruwa, ta taru a inda ƙasa ta yi kwari. Iska mai ɗumi kuma ta zauna a bisanta kamar murfin tukunya.

To, duk hayaƙin da aka yi a ƙarƙashin wannan murfi ba shi da hanyar tashi. Ku tuna da wurin dafa mazarƙwaila da asuba. Hayaƙin yakan ɗan hau sama kaɗan, sa'an nan ya karya, ya kwanta ya miƙe a bisa gonaki kamar an shimfiɗa farin zane. Sai rana ta ɗaga ta gasa ƙasa kafin murfin ya buɗe, hayaƙin ya watse. Shi ya sa wanda ya zo duba wuri da azahar ba zai ga kome ba.

A ƙauye wuta kaɗan ce, fili kuma da yawa. A gari, murhu dubu ne ake hurawa a lokaci ɗaya, ga janareta, ga hayaƙin motoci da babura, ga bola tana ci da leda da roba. In garin yana cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, iskar da za ta share hayaƙin ma ba ta samun hanyar shiga.

An ga ƙarshen wannan a wani ƙaramin gari mai suna Donora a Amurka. Garin yana cikin kwarin kogi, tuddai sun rufe shi, a lokacin yana da masana'antun narka ƙarfe. A ƙarshen watan Oktoba na 1948 irin wannan murfi ya rufe kwarin, bai buɗe ba har wajen kwana 5. Mutum 20 suka mutu, kusan 6,000 suka kamu da ciwo, a garin da mutanensa ba su wuce 14,000 ba. Sai da aka yi ruwan sama iskar ta washe. Masana'antun nan sun yi shekaru suna hayaƙi. Abin da ya canja a makon nan shi ne hayaƙin ya rasa mafita.

Inda mutanenmu suke sauka

Baƙo mai ƙaramin ƙarfi ba ya samun ɗaki a kan tudu. Ɗakin da kuɗinsa zai iya kamawa yakan kasance a gangare: bakin rafi, bayan tasha, kusa da bola, ko kusa da mahauta inda wasu suke babbaka da tsohuwar taya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Sau da yawa arahar ɗakin tana da dalili, maƙwabta sun sani, baƙo ne kaɗai bai sani ba.

Wanda ya nufi Kano ya san akwai masana'antu a Bompai, Sharaɗa da Challawa, har da na jima. Wanda ya nufi Abuja yakan ƙare a unguwannin gefe. Ɗaya daga cikinsu Mpape ce, wadda take cikin duwatsu, an kuma daɗe ana fasa dutse a kewayenta. Ƙurar dutse ba kamar ƙurar gona ba ce. In ta shiga huhu takan zauna, ta yi tabo, tabon kuwa ba ya warkewa. Saurayin da ya sami aikin fasa dutse ya nemi a riƙa zuba ruwa a inda ake aikin, ya kuma sa takunkumi na ainihi. Ɗaura hankici a hanci bai isa ba.

A kan wannan duka sai hunturu ya ƙara nasa. Hazon da yake rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris, yawancinsa daga wani busasshen kwari ne a ƙasar Chadi mai suna Bodele, wanda a dā can tafki ne. Ba mai iya tare shi. Amma lokacinsa ya zo daidai da lokacin da hayaƙi yake kwanciya, da kuma lokacin da muke toshe tagogi saboda sanyi.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka biya kuɗin haya, ka je unguwar da asuba, ka kuma koma da magariba lokacin da ake ɗora tukwane. In da hali ka kwana wurin wani ɗan ikilisiya. Ka tsaya ka ga ko hayaƙi yana tashi ko yana kwanciya. Ka shafa yatsa a bakin taga ka ga abin da zai fito. Ka duba ina janaretan maƙwabci yake, ina kuma bututun hayaƙinsa ya fuskanta. Ka bar uwargida ta yi hira da matan gidan, gama su ne suke wuni a wurin, su ne kuma suka san ko yaran gidan ba sa rabuwa da tari. Ɗakin da ke da taga biyu masu duban juna ya fi babban ɗaki mai taga ɗaya.

Ɗaki ma kwari ne

Ga inda hatsarin ya fi yawa, kuma a nan ne muka fi sakaci. A gida, murhu yana waje ko a madafa dabam, jinkar ciyawa kuma tana barin hayaƙi ya fita. A gari, ɗaki ɗaya ne na bulo da kwano da silin. A nan ake girki, a nan ake kwana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kayan masarufi suka ƙara tsada, gidaje da yawa da suke girki da gas ko kananzir sun koma gawayi da itace. Al'adar da ba ta kashe mu a ƙauye ba, ta kwana da kaskon wuta, tana iya kashe mu a ɗakin siminti.

Garwashin gawayi da janareta suna fitar da wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. In an shaƙe ta takan kama jini fiye da iska mai kyau sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya rasa abin da yake rayuwa da shi. Alamunta ciwon kai ne, jiri, amai da kasala, shi ya sa akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Mai barci kuwa ba ya jin kome, ba ya farkawa. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, ya kuma sake su da sun fita waje, a tuhumi wuta. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa, a kai wanda ya galabaita asibiti nan da nan. Janareta kuwa wurinsa waje ne, taku 8 ko fiye daga ƙofa da taga. Ba a soro ba, ba a baranda ba, ko da tsoron ɓarawo ne.

Abin baƙin ciki, in aka wayi gari iyali sun mutu a ɗaki, akan fara neman wanda ya sa musu guba a tuwo ko wanda ya yi musu sammu. Zumunci yakan lalace a kan zargin da ba shi da tushe, kaskon kuwa yana nan a tsakar ɗaki ba wanda ya dube shi.

Hayaƙin girki na kullum shi kuma a hankali yake cin mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya jawo mutuwar mutum kusan miliyan 3.2, cikinsu har da yara fiye da 237,000 'yan ƙasa da shekara 5. Dubi kunkunniyar da ke rufin madafarki, uwargida. Abin da ya baƙanta rufin, shi ne kike shaƙa, ke da jaririn da kika goya. Haka ma ɗakin mai jego. A ɗumama shi, amma a fitar da wutar kafin a kwanta, a kuma bar taga a ɗan buɗe.

In yaro yana tari, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Ɗan wata 2 zuwa 11, in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ko kuma in ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, alamar nimoniya ce. Asibiti za a nufa a ranar, ba kemis ba. Babba kuma in tarinsa ya wuce mako 2, kada ya ce ai hazo ne. Ya je a gwada majinarsa, gama gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe, akwai kuma babbar cibiyar wannan aiki a Saye, kusa da Zariya.

Wani zai ce, ni ba ni da zaɓi, inda kuɗina ya kai nan na zauna. Gaskiya ne, ba kuwa abin kunya ba ne. Amma ko a kwari akwai abin yi. A yi girki a waje, da busasshen itace, a rufe tukunya. A ba wani riƙon jariri har a sauke. A yayyafa ruwa kafin shara. Kada a hura wuta da leda ko roba. Tsoho da mai asma su jira rana ta ɗaga kafin su fita.

Dokar da ke Kubawar Shari'a 22:8 ta umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufinsa rawani, domin in wani ya faɗo, alhakin jininsa yana kan gidan. Wato Allah yana tambayar mai gida hatsarin da ya iya hangowa bai kuwa tare ba. Wannan ya shafi mai bi da yake gina ɗakunan haya ba taga domin ya rage kuɗin bulo. Ya shafi dattawan ikilisiya da suke ajiye janareta a gindin tagar ajin yara a daren addu'a.

Domin tattaunawa

Su wane ne daga ikilisiyarmu suke shirin tafiya bana, wa kuma muka sani a garin da za su wanda zai iya duba musu ɗaki da asuba? Ina janaretan majami'armu yake zama? A wannan mako, mutum biyu su fita da sassafe su zaga ƙauyenmu, su lura da inda hayaƙi yake kwanciya da gidajen da ke wurin, su kawo wa ƙungiya rahoto ran Lahadi.