Ƙudan Fumfuna: Ɓoyayyen Maƙiyin Dashe a Wurin Renon Iri

Gabatarwa

Da zarar damina ta ja baya, manoman rani na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sukan koma fadamun da ke bin gulbin Gagare da na Bunsuru, su shiga renon irin tumatir da tattasai da attaruhu da albasa. Haka kuma wasu makarantu da gidaje sukan reni itatuwa, kamar darbejiya da zogale da mangwaro, a cikin ledoji domin a dasa su da damina. Wannan aiki yana da muhimmanci, domin Zamfara na cikin jihohi 11 na arewacin Nijeriya da ke fuskantar gurgusowar hamada. Sai dai kuma sau da yawa mai reno yakan wayi gari ya tarar da dashensa ya yi yaushi, ko ya kwanta, alhali bai rage shi da ruwa ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke haddasa wannan asara shi ne wani ɗan ƙaramin ƙwaro da za a kira ƙudan fumfuna a wannan darasi, saboda fumfuna ce babban abincin tsutsarsa.

Siffar ƙwaron

Masana kimiyyar ƙwari sun sa wannan ƙuda a cikin dangin da suke kira Sciaridae, kuma jinsin da ya fi yin ɓarna a wuraren reno shi ne Bradysia. Tsawon baligin ƙudan bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Baƙi ne ko ruwan toka mai duhu, siriri, da dogayen ƙafafu da dogayen gashin kai, har wanda bai lura ba zai ce ɗan sauro ne. Amma ba ya cizon mutum ko dabba. Yana da fukafukai biyu, kuma idan aka duba su da madubin ƙara girma za a ga wata jijiya da ta rabu biyu kamar harafin Y. Ba gwanin tashi ba ne. Ya fi son gudu a bisa ƙasar leda, sai an taɓa shukar ya yi ɗan firr ya sake sauka.

Wajibi ne ɗalibi ya bambanta shi da sauran ƙananan ƙwarin lambu. Farin ƙuda, wanda ke yaɗa cutar nannaɗewar ganyen tumatir, fari ne fat kuma a ƙarƙashin ganye yake zama. Ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro gajere ne mai kauri, galibi da jajayen idanu. Ita kuwa Tuta absoluta, wadda ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a Kano da Kaduna a shekarar 2016, cikin ganye da ɗan tumatir tsutsarta ke shiga. Ƙudan fumfuna shi harkarsa da ƙasa take.

Matakan rayuwarsa

Rayuwar ƙudan fumfuna mataki huɗu ce, watau ƙwai, tsutsa, kwanci, sa'an nan baligi. Macen takan saka ƙwai 100 zuwa 200 a tsagogin ƙasa mai danshi. Cikin kwana 3 zuwa 6 ƙwan yakan ƙyanƙyashe. Tsutsar da ta fito ba ta da ƙafafu, jikinta fari ne garai har ana hango abincin da ke cikinta, kanta kuma baƙi ne mai sheƙi. Wannan baƙin kai shi ne babbar alamar gane ta. Takan yi kwana 10 zuwa 14 tana ci, har ta kai tsawon milimita 6. Daga nan sai ta daina ci ta kwanta a cikin ƙasa na 'yan kwanaki, ta rikiɗe ta fito a matsayin ƙuda. Baligin yakan rayu kamar mako guda. A wuri mai ɗumi, dukan zagayen yakan cika cikin mako 3 zuwa 4.

Ɗan lissafi zai nuna saurin yaɗuwarsa. A ɗauka mace guda ta saka ƙwai 100, dukansu suka rayu, rabinsu mata ne. Waɗannan mata 50 za su saka ƙwai 5,000 kafin wata guda ya cika da fitowar uwarsu. Ba duka ke rayuwa ba, amma wannan ya isa ya bayyana dalilin da ya sa ƙuda biyu ko uku da aka raina sukan zama taro.

Yadda ɓarnar ke aukuwa

Baligin ƙudan ba ya cin shuka. Tsutsa ce mai ɓarna, kuma tana zaune ne a saman ƙasa, cikin zurfin da bai wuce santimita 5 zuwa 7 ba. Abincinta na asali shi ne fumfuna da ruɓaɓɓen ganye da taki. Idan tsutsotsin suka yi yawa, sai su koma kan gashin saiwa, watau waɗansu sirara ƙwarai da shuka ke tsotson ruwa da gishirin ƙasa da su. Wani lokaci ma sukan huda gindin ɗan tsiron su shige ciki.

Babbar shuka mai yalwar saiwa takan jure wannan. Amma tsiron da bai wuce mako biyu ko uku ba, saiwarsa kaɗan ce, idan aka cinye ta ya rasa hanyar shan ruwa. Sai ganyensa ya koma rawaya, girmansa ya tsaya, ya yi yaushi da rana. A nan ne mai reno yakan yi babban kuskure: ya ga yaushi, ya ɗauka ƙishirwa ce, sai ya ƙara ruwa. Ƙarin ruwa kuwa ƙarin fumfuna ne, ƙarin fumfuna kuma ƙarin tsutsa ne. Bugu da ƙari, raunin da tsutsar ta yi wa saiwa ƙofa ce ga cututtukan ƙasa, irin su Pythium da Fusarium, masu sa gindin tsiro ya ruɓe ya tsuke, tsiron ya kife. Su ma waɗannan cututtuka jiƙaƙƙiyar ƙasa suke so.

Mai tambaya zai iya cewa, yaya ƙwaro mai son danshi zai rayu a ƙasa mai zafi da iskar hunturu irin ta arewacin Zamfara? Amsar ita ce, mai reno ne da kansa yake shirya masa masauki. Rumfar zana ko ta kara tana hana rana busar da ƙasa. Ledar da ba a huda gindinta ba tana riƙe ruwa. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji da bai gama ruɓa ba yana haifar da fumfuna. Ban ruwa safe da yamma ba tare da dubawa ba ya cika sharaɗin.

Hanyoyin gano shi

Akwai gwaji biyu masu sauƙi. Na farko, a yanka ɗanyen dankalin Turawa falle-falle, a kifa gefen da aka yanka a kan ƙasar leda ko fangali. Bayan kwana 2 ko 3 a ɗaga. Idan akwai tsutsotsi, za a same su a jikin dankalin ko a ƙarƙashinsa. Na biyu, a yanko ɓallin tsohuwar jarka mai launin rawaya, a shafa masa man basilin ko giris, a kafa shi dab da ƙasa. Launin rawaya yana jawo ƙudan, sai ya manne. Har ila yau, yana da kyau a tuge tsiro guda mai yaushi a wanke saiwarsa. Lafiyayyar saiwa fara ce mai gashi, wadda aka ci kuwa guntuwa ce, ta yi launin ƙasa-ƙasa.

Hanyoyin magance shi

Maganin farko, wanda ya fi kowane, shi ne daidaita ban ruwa. Ƙwai da ƙaramar tsutsa ba sa jure bushewa. Bayan iri ya tsiro ya kafu, a bari saman ƙasa, kamar santimita 2 zuwa 3, ya sha iska kafin a sake zuba ruwa. Yatsa ya isa ma'auni: idan aka soka shi zuwa gaɓar farko aka ji danshi, a dakata. A yi ban ruwa da safe, kuma kada a bari har shukar ta galabaita.

Na biyu, a huda gindin kowace leda, a gauraya ƙasar reno da yashi domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. A yi amfani da takin da ya ruɓe sosai, wanda ya daina wari da zafi. A kwashe matattun ganyaye da tsiron da ya kife a kai su nesa. A sassauta rumfa yadda iska da hasken safiya za su shiga. Shimfiɗa busasshen yashi mai kauri kamar santimita 1 a saman leda yana rage wa macen wurin saka ƙwai.

Na uku, a yi amfani da zafin bazara. A watan Afrilu da Mayu, a jiƙa ƙasar da za a yi reno da ita, a rufe ta ruf da farar leda mai nuna ciki, a danne gefunanta, a bar ta a rana mako 4 zuwa 6. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashin ledar yana kashe ƙwai da tsutsa da yawancin cututtukan saman ƙasa.

Na huɗu, akwai wata ƙwayar bakteriya da ake kira Bti a taƙaice, wadda aka gano a hamadar Negev a shekarar 1976. Idan tsutsar ƙuda ko ta sauro ta ci ta, gubarta takan lalata mata hanji, amma ba ta cutar da mutum ko dabbobin gida. An yi amfani da ita a shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na yaƙi da makantar da baƙin ƙudan rafi ke yaɗawa, wanda ya gudana a Afirka ta Yamma daga 1974 zuwa 2002. Ana dama ta da ruwa a jiƙa ƙasar, a maimaita bayan mako guda, domin tsutsa kaɗai take kashewa. Mai son ta sai ya nemi shawarar malamin gona.

Feshin maganin ƙwari a kan ganye kuwa asarar kuɗi ce. Zai kashe ƙudan da ke yawo a ranar, amma ƙwai da tsutsa suna nan a ƙasa, bayan 'yan kwanaki wasu su fito. Ga kuma haɗarin guba ga mai feshin da yaran gida.

Aikin aji

Malami zai iya raba ɗalibai rukuni biyu, kowane da leda 10 na tumatir, iri ɗaya da ƙasa ɗaya, a ajiye su nesa da juna. Rukunin farko ya yi ban ruwa safe da yamma kullum. Na biyu ya yi sai yatsa ya nuna saman ƙasa ya bushe. Kowane rukuni ya kafa tarkon rawaya, ya ƙirga ƙudan da ya kama duk mako har mako 4, ya rubuta a jadawali. A ƙarshe a tuge tsiro uku-uku a gwada tsawon saiwarsu, sa'an nan ɗalibai su bayyana dalilin bambancin da suka gani.

Kammalawa

Ƙudan da ake gani yana yawo a kan leda alama ce ta cewa ƙasa ta daɗe a jiƙe kuma akwai tsutsa a cikinta. Saboda haka mai reno da ya ga dashensa ya yi yaushi, ya fara taɓa ƙasar da duba saiwar kafin ya ɗauki butar ban ruwa ko ya nufi shagon magani. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai iya ceton fangalin makarantarsu, ya kuma kai ilimin gida ga iyayensa masu noman rani.