Asalin Gotawa da Ƙaurarsu

Gotawa ɗaya ne daga cikin tsofaffin ƙabilu masu magana da harsunan dangin Jamusanci. Jodanis, wanda ya rubuta tarihinsu wajen shekarar 551 Miladiyya, ya ce daga yankin Sikandinabiya suka fito. Sai dai wannan ruwaya ce ta kunne ya girmi kaka, kuma masana suna tababa a kanta. Abin da kufai da kaburbura suka fi nunawa shi ne zamansu a bakin kogin Bistula, a ƙasar Folan ta yau, kafin su gangara arewacin Bahar Aswad a ƙarni na 3.

Matsin lambar Hunawa ne ya sa suka haye kogin Danub a 376, suka shiga daular Rumawa. A 410, shugabansu Alarik ya wawashe birnin Rum. Daga bisani suka kafa sarauta a Sifaniya da Italiya, inda sannu a hankali suka saki harshensu, suka rungumi Latin.

Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne, da malamin coci Wulfila bai ƙirƙiro musu haruffa ya fassara Baibul a ƙarni na 4 ba, da abin da aka sani na Gotanci bai taka kara ya karya ba. Shahararren kwafin fassarar yana Jami'ar Upsala, a Suwidin.