An Gano Limfoma a Hanjin Maigidana Alhali Lafiyarsa Ƙalau

Tambaya: Likita, maigidana mai shekara 56 ya je gwajin hanji ba tare da wani ciwo ba. Sai aka ga ɗan tsiro, aka gutsuro aka auna, aka ce limfoma ce. Dajin hanji ke nan?

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Daji ne, amma ba wanda aka saba gani a hanji ba. Wancan daga fatar cikin hanji yake tsirowa. Limfoma kuwa daga fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki take tasowa, irin waɗanda ke taruwa a kaluluwa. Akwai su jibge a bangon hanji, musamman a mahaɗar ƙaramin hanji da babba, shi ya sa ta fi ɓulla a can. Ba ta cika faruwa ba: cikin masu dajin babban hanji 100, da ƙyar a samu mutum ɗaya mai ita.

Abin da ya fi muhimmanci yanzu shi ne sanin nau'inta, domin limfoma suna ta tara. Wadda ake kira MALT tafiyar hawainiya take yi, wani lokaci cire tsiron da sa ido sun wadatar. Wata kuma, DLBCL, saurin yaɗuwa gare ta, amma sau da yawa tana jin magani, har a warke sarai.

Saboda haka ku nemi ganin likitan jini. Ku riƙe takardar sakamakon, ku tambaya ko an yi wa naman gwaji na musamman mai tantance nau'i. Za a ɗauki hoton ƙirji da ciki, wataƙila a ɗebi ɓargo. Za a kuma auna ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B. Kada wannan ya sosa muku rai: raunin garkuwar jiki na buɗe wa limfoma ƙofa, maganin rituximab da ake ba masu limfoma kuma na iya tayar da ciwon hanta da ya kwanta.

Ina roƙonku, kada a tsaya jiƙe-jiƙen basir. In ya ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, gumin dare da rama, ko cikinsa ya kumbura bayan gida ya ƙi fita, a garzaya asibiti.

Gano ta tun ba ta fara ciwo ba babbar sa'a ce, Hajiya. Ku je wurin likitan a makon nan, ke da shi tare.